Ka Fara Tambayar Teku Kafin Ka Tambayi Ɗaki

Ɗana, na ga hotunan da ka turo mini, na kuma ji tambayarka. Magidanci ne da matarsa da yara uku suke son ka shirya musu tafiyar mako guda a otal na bakin teku, ka samo wanda ya yi kyau a hoto, kuɗinsa ma da sauƙi, kana tambaya ko ka kama musu ɗaki yau. Dakata tukuna. Saboda teku mutanen nan za su biya kuɗin jirgi, kai kuwa ka ba ni labarin gado da baranda da wurin cin abinci, ba ka ce komai game da ruwan ba.

Abu na farko, cikar ruwa da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin na jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Ya fi tsanani a wajen tsayuwar sabon wata da lokacin da wata ya cika. Mai ɗaukar hoto kuwa sai ruwa ya cika fal yake fitowa da kyamararsa.

Na taɓa tura wani iyali gabashin Zanzibar ban duba wannan ba. Washegari da hantsi uwar yaran ta kira ni, muryarta na rawa. Yara sun sa kayan wanka sun fito da gudu, sai suka tarar ruwa ya ja baya ɗaruruwan mitoci. Gabansu yashi ne jiƙaƙƙe, ga turaku a kafe da igiyoyi, mata sun duƙa suna aikin noman ciyawar teku. Wuri ne mai kyawun gaske, wasu ma don wannan suke zuwa, amma ba shi na yi musu alkawari ba, kuma har yau abin na cina. A ɓangaren Paje da Jambiani haka tekun yake. A arewacin tsibirin kuwa, Nungwi da Kendwa, ana iya wanka kusan duk yini. Tsibiri ɗaya ne fa. A Bahar Rum cikar da janyewar ba su da yawa, ba sai ka damu ba. Saboda haka ka nemo jadawalin cikar ruwa na ranakun da za su zauna, yana nan a intanet.

Sai lokacin shekara. Duk sanda ka ga farashi ya faɗi warwas, tambayi kanka wane wata ne. A Karebiyan lokacin guguwa yana farawa 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Babbar daminar Zanzibar daga Maris ce zuwa Mayu. A Maldibis, tsibiran da ke Tekun Indiya, iska da ruwan sama sun fi yawa daga Mayu zuwa wajen Oktoba. Ban ce kada a je ba, mutane na zuwa su dawo da murna, amma ka gaya wa mai kuɗi gaskiya ya zaɓa da kansa, ka kuma sa ya yi inshorar tafiya. Akwai kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa, sargasum, wadda tun 2011 take taruwa tuli a gaɓoɓin Karebiyan da na Meziko, wajen Kankun. In ta ruɓe warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Otal na kirki yana kwashe ta da asuba, wani kuwa barinta yake yi. Karanta sharhin baƙin da suka kwana can a irin wannan watan a bara, ka duba hotunan da suka ɗauka da wayarsu.

Ka kuma kula da kalmomin talla. "Ɗaki mai kallon teku" zai iya zama wanda sai ka leƙa ta gefen baranda za ka hango ɗan shuɗi tsakanin gine-gine biyu. "Kusa da teku" na iya nufin akwai titi mai motoci a tsakani, kuma mutumin nan yara uku zai tsallakar sau huɗu a rana. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, cikin minti biyu za ka gani. Za ka kuma ga ko yashi ne ko duwatsu. A Bahar Maliya, musamman Sharm el-Sheikh ta Masar, otal da yawa murjani ne a gabansu, ta kan doguwar gada ake shiga ruwa mai zurfi. Ga mai son kallon kifi babu kamarsa, ga yaro ɗan shekara 4 kuwa bai dace ba.

Tunda da yara, tambayi ko akwai masu ceto a bakin ruwa da awannin aikinsu, da ko ana kafa tutocin gargaɗi. Jar tuta na nufin haɗari. Wasu gaɓoɓin suna da igiyar ruwa mai jan mutum can ciki, wadda take kayar da gwanin iyo ma. Wannan ba na wasa da shi, in otal ya kasa amsa mini, na bar shi.

Batun kuɗi ka riga ka iya, sai dai in tuna maka: "komai a ciki" ba ya nufin komai. Haraji, kuɗin hidima, wasannin ruwa, wani lokaci har kujera da laima, a wasu otal daban ake biya. Tambayi kuɗin ɗauko su daga filin jirgi. A Maldibis ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa, masu kai baƙi wasu otal, da rana kaɗai suke tashi, in babban jirgin baƙin ya sauka da dare sai sun kwana kusa da filin jirgi, alhali an biya wancan daren a otal. Kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami, ka san ranar ƙarshe da za a iya fasawa a mayar da kuɗi.

Yanzu rubuta wa otal ɗin. Ka ba su ranaku da shekarun yaran, ka tambaye su ko ana gini a ciki ko a maƙwabta, ka ce su amsa a rubuce. In amsar ta zo, kawo mini ita tare da jadawalin ruwan mu duba tare kafin ka kira mutumin.