Tambaya da Amsa: Azuzuwan Turanci da Kwamfuta ga Matasan Afganistan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya. Na ji a rediyo cewa wasu ƙungiyoyin agaji suna koya wa marayu da yaran da ke neman kuɗi a titunan Afganistan Turanci da kwamfuta kyauta. Abin ya ɗaure mini kai. A ƙasar da ake fama da yunwa, me Turanci zai tsinana wa yaro? Ba abinci da sana'ar hannu suka fi dacewa da shi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, amma kafin a amsa ta ya kamata a san ko su wane ne yaran nan. Afganistan ta shafe fiye da shekara 40 cikin yaƙi, tun daga shigar sojojin Tarayyar Sobiyet a watan Disambar 1979, da yaƙin basasar da ya ragargaza birnin Kabul bayan 1992, da mulkin Taliban na farko daga 1996, har zuwa yaƙin da Amurka ta jagoranta daga 2001 zuwa ficewarta a watan Agustan 2021. Kowane zango ya bar marayu, da matan da suka rasa mazajensu, da waɗanda nakiyoyin da aka binne suka nakasa. Mutanen ƙasar sun haura miliyan 40, fiye da rabinsu kuma ba su kai shekara 25 ba. Ga kuma iyalai masu ɗimbin yawa da Pakistan ta fara kora tun ƙarshen 2023, da waɗanda Iran ta tasa ƙeyarsu a 2025, waɗanda 'ya'yansu da dama a can aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar kakanninsu ba sai ranar da aka sauke su a kan iyakar Torkham ko Islam Qala.

A Kabul za ka ga yaro yana wankin mota, wani yana goge takalma, wani yana sayar da leda, wani kuma yana yawo da gwangwani mai hayaƙin wani tsiro da suke kira esfand, yana turara wa direbobi don maganin kambun baka, a ba shi 'yan kuɗi kaɗan. Saboda irin waɗannan yaran ne wani injiniya mai suna Mohammad Yousef ya kafa ƙungiyar Aschiana a 1995, sunan da ke nufin sheƙar tsuntsu a harshen Dari. Tsarinta ya riga ya amsa rabin tambayarka, domin ba ta zaɓi tsakanin abinci da karatu ba: yaro yakan zo na wasu sa'o'i, ya ci abinci, ya koyi karatu da rubutu da lissafi, sannan ya koma neman abin da gidansu zai ci, tun da an san cewa idan aka ce ya bar aikin gaba ɗaya, uwarsa ba za ta bar shi ya zo ba. A wannan shekarar ce kuma Dokta Sakena Yacoobi ta kafa Afghan Institute of Learning, wadda cibiyoyinta suka haɗa yaƙi da jahilci da ɗinki da kiwon lafiya da Turanci da kwamfuta a wuri guda.

Dalilin sa Turanci a cikin manhajar ba kwalliya ba ne. Harsunan hukuma biyu na ƙasar, Dari da Pashto, da haruffan Larabci ake rubuta su, kamar yadda muke rubuta ajami, alhali umarnin da ake ba kwamfuta, da harsunan rubuta manhajoji, da takardun neman gurbin karatu a waje, da mafi yawan littattafan likitanci na zamani, dukkansu da Turanci suke. Tsakanin 2001 da 2021, saurayin da ya iya Turanci da buga rubutu yana iya zama tafinta, ko akawu a ofishin ƙungiyar agaji, ko ma'aikaci a banki ko a kamfanin waya irin su Roshan, albashinsa kuma ya riƙe gida mai mutum goma. Wannan kasuwa ta tsuke ƙwarai bayan 2021, ta ƙara tsukewa da Amurka ta zaftare tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025. Abin da ya rage shi ne ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, da asibitoci, da shagunan gyaran waya, da shagunan da ake cike wa mutane takardu ta intanet, da aikin da ake yi wa kamfanonin waje daga gida, kamar fassara da zane da rubuta manhaja. Shi ma wannan na ƙarshen yana da nasa ƙalubalen, domin PayPal, hanyar biya da karɓar kuɗi ta intanet, ba ya aiki a ƙasar, bankuna kuma suna ɗari-ɗari da tura kuɗi saboda takunkumi, sai a koma ga 'yan hawala, wato dillalan da ke tura kuɗi ba ta banki ba. Wutar lantarki ma mafi yawanta daga Uzbekistan da Tajikistan da Turkmenistan da Iran ake saye, shi ya sa cibiyar da ba ta da faranti mai amfani da hasken rana takan wuni kwamfutocinta a kashe.

Inda na yarda da kai, Malam, shi ne wannan: yaron da bai iya karatu da harshen uwarsa ba, ɗora masa Turanci gini ne ba harsashi. Cibiyoyin da suka san aikinsu da Dari ko Pashto suke farawa. Haka kuma takardar shaidar kwas na wata shida ba ta ƙirƙiro aikin da babu shi, kuma duk ƙungiyar da ta yi wa maraya alkawarin aiki alhali ba ta da hanyar sama masa, ta ɗauki alhakinsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Maraɗi. Shin 'yan mata suna cikin masu cin moriyar waɗannan azuzuwan, ko hanin da aka yi musu na zuwa makaranta ya shafi wannan ma?

Amsa: Barka kadai, Malama. Hanin ya shafe su, kuma nan ne wurin da al'amarin ya fi ciwo. Tun dawowar Taliban mulki a ranar 15 ga Agustan 2021 ba a buɗe wa 'yan mata makarantun da ke gaba da aji shida ba. A ranar 23 ga Maris 2022 'yan mata sun shirya sun tafi makaranta bisa sanarwar cewa za a buɗe, cikin 'yan sa'o'i aka mayar da su gida suna kuka. A watan Disambar 2022 aka rufe musu ƙofar jami'a, bayan kwana huɗu aka hana mata aiki a ƙungiyoyin agaji, a watan Disambar 2024 kuma aka rufe musu makarantun ungozoma da jinya, wato irin aikinki ke nan. Hukumar UNESCO ta ce ya zuwa Agustan 2024 'yan mata aƙalla miliyan 1.4 ne aka hana karatun sakandare da gangan.

Da aka rufe makarantun gwamnati, sai 'yan mata da yawa suka koma ƙananan cibiyoyin koyon Turanci da kwamfuta, domin su ne kaɗai ajin da ya rage musu. Amma su ma an bi su da umarnin kada su karɓi yarinyar da ta wuce aji shida, ko da yake tsananin aiwatarwa ya bambanta daga lardi zuwa lardi, a 2023 kuma aka umarci ƙungiyoyin waje su miƙa ayyukansu na ilimi ga na cikin gida. Matiullah Wesa, wanda ya kafa ƙungiyar Pen Path yana zagaya ƙauyuka yana roƙon dattawa su bar 'ya'yansu mata su yi karatu, an kama shi a watan Maris 2023, bai fito ba sai a watan Oktoba. Ban da hukuma, ga masu kai hari: a ranar 30 ga Satumbar 2022 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a cibiyar karatu ta Kaaj da ke unguwar Dasht-e-Barchi a Kabul, ya kashe sama da mutum 50, mafi yawansu 'yan mata 'yan ƙabilar Hazara da suke gwajin jarrabawar shiga jami'a.

Abin da ya sa wannan rufewa ta fi zafi shi ne an riga an ga abin da 'yan matan nan za su iya. A birnin Herat, Fereshteh Forough, wadda aka haifa a gudun hijira a Iran, ta kafa Code to Inspire a 2015, makarantar farko ta koya wa mata rubuta manhajar kwamfuta a ƙasar. Daga Herat ɗin ne kuma Roya Mahboob ta tara 'yan matan da suka ƙera mutum-mutumi mai sarrafa kansa, waɗanda aka hana bizar Amurka har sau biyu a 2017 kafin a bar su su halarci gasa a Washington, suka kuma dawo da lambar azurfa. Makarantar kwana ta SOLA, wadda Shabana Basij-Rasikh ta jagoranta, sai da ta kwashe ɗalibanta zuwa Ruwanda a watan Agustan 2021, a can take har yanzu.

Waɗanda suka rage a gida suna karatu ta waya da rediyo da talabijin. BBC ta fara shirin Dars da Dari da Pashto a 2023, gidan rediyon Begum yana watsa darussa, wasu jami'o'in intanet kuma suna ba da gurbi kyauta, galibinsu da sharaɗin iya Turanci. Ke nan ga yarinyar Afganistan a yau, Turanci da kwamfuta su ne mabuɗin duk wani karatu na gaba. Sai dai mabuɗi ne mai rauni, domin a ƙarshen Satumbar 2025 an katse intanet a faɗin ƙasar na kimanin kwana biyu, azuzuwan duk suka tsaya cak. A ganina kuskure ne babba a ɗauki darasin waya a matsayin madadin makaranta. Ba a zama likita ko ungozoma ta waya, kuma yarinyar ƙauyen da gidansu ba waya ba ta cikin lissafin ma tun farko. Ya kamata a sani kuma cewa Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, sun fito fili sun ce wannan hani ya saɓa wa koyarwar Musulunci, kuma babu wata ƙasar Musulmi da ke da irinsa.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kumasi. Idan mutum yana son ba da sadakarsa ga irin wannan aikin, ta yaya zai gane ƙungiyar gaskiya?

Amsa: Allah Ya saka da alheri, Alhaji. Ka nemi ƙungiyar da ke da rajista a ƙasar da take karɓar kuɗi, wadda kuma take wallafa rahoton kuɗinta na shekara da wani mai bincike daga waje ya duba. Ka tambaye su ɗalibai nawa suka fara da nawa suka kammala, da inda waɗanda suka kammala suke yanzu, domin yawan kwamfutocin da aka saya ba ya nuna an koyi wani abu. Ka tambaya ko 'yan ƙasar ne malaman, da kuma ko ana biyan su albashi a kan kari, tun da albashin malami da kuɗin haya da man ɗumama aji a lokacin hunturu su ne suka fi cin kuɗi, ba na'urori ba. Kada ka tura kuɗi zuwa asusun wani mutum da ka gani a Facebook ko WhatsApp. Idan kuma ka ga ƙungiya tana baza hotunan fuskokin 'yan mata da sunayensu da unguwarsu don jawo hankalin masu bayarwa, ka nisance ta, domin a halin da ake ciki hoto ɗaya ya isa a rufe aji, a kuma kama malamar da ke koyarwa a cikinsa.