Mayafin leshi mai kusurwa uku: wane zare, wace kibiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na daɗe ina saƙa hulunan jarirai da safa, yanzu kuma ina son in saƙa wa mahaifiyata mayafi mai kusurwa uku, irin mai huda-huda kamar leshi, kafin hunturu ya shigo. Na sayi zaren da na saba, takardar jikinsa ta ce kibiya mai kaurin milimita 3, ita na yi amfani da ita. Amma saƙar ta fito a cushe, ta yi tauri kamar tabarma, zanen ma ba ya fitowa. Zaren ne ko kibiyar? Kuma dunƙule nawa zai ishe ni? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Laifin na su biyun ne, amma bari mu fara da kibiya, don gyaranta ya fi sauƙi.

Lambar da ke jikin takardar zare an rubuta ta ne don saƙa mai cika, irin ta hula da rigar sanyi, wadda ba a son iska ta ratsa. Ke kuwa hudar ce adonki. Don haka a saƙar leshi kibiya kan fi abin da takarda ta faɗa kauri da milimita 1, wani lokaci har 2. Siririn zaren da ake yi musamman don leshi, mai tsawon mita 800 ko kusa da haka a giram 100, yana tafiya da kibiya 3.25 zuwa 4. Wanda ya ɗan fi shi kauri, irin na saƙa safa, mai kamar mita 400 a giram 100, ki ba shi kibiya 4 ko 4.5. Ki lura, da tsawo da nauyi nake auna zare, domin sunayen da kamfanoni ke sa wa kaurinsa ba su zo ɗaya ba.

Ni wannan na biyun zan zaɓa miki. Siririn yana da kyau, ba musu. Matan tsibiran Shetland a Sikotilan da na Orenburg a Rasha sun yi suna da mayafin da za a zura shi gaba ɗaya ta cikin zoben aure. Amma masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. A zare mai ɗan kauri kina ganin kowane ido na saƙar, in kin yi kuskure kina iya kwancewa ba tare da ya tsinke ba.

Kibiyar kuma ta zama mai zagaye, wato tsinke biyu da waya ta haɗa, tsawonta santimita 80 zuwa 100. Yawancin irin wannan mayafi daga ƙeya ake fara shi da idanu kaɗan, sai a riƙa ƙara huɗu a kowane layi biyu: ɗaya a kowane gefe, biyu a tsakiya. Kafin ki kai layi na 150 idanu sun doshi 300, miƙaƙƙiyar kibiya ba ta da wurin ɗaukarsu. Ki nemi mai tsini sosai, don za ki yi ta haɗa ido biyu ko uku a lokaci guda. Ta ƙarfe tana da santsi, ta gora tana riƙe zare, ita ta fi wa mai koyo.

Sai zaren kansa. Wanda ya cika kasuwanninmu, da muke yi wa jarirai kaya da shi, yawanci na roba ne. Leshi kuwa, ko gwana ce ta saƙa shi, a yamutse yake sauka daga kibiya kamar tsumma. Sai an jiƙa shi, an matse ruwan a tawul ba tare da murɗawa ba, an shimfiɗa a kan katifa, an ja shi an kafe bakinsa da fil har ya bushe, sannan furannin ke buɗewa. Ulun tumaki yana riƙe wannan shimfiɗar. Na roba da kin cire fil sai ya koma gidan jiya. Maganinsa tururi: bayan kin kafe shi, ki riƙe dutsen guga mai tururi a samansa, kada ki yarda ya taɓa, don narkewa zai yi. Kuma abin da tururi ya yi wa zaren roba ba ya komawa. Auduga tana buɗewa da kyau, ta kuma dace da zafinmu, sai dai ba ta miƙewa a hannu, tana gajiyar da yatsu. Tunda don sanyin Jos ne, in kin samu ulu ko wanda aka gauraya da ulu, ki ɗauka. Launi ɗaya, mai haske. Zare mai launi barkatai yana haɗiye zanen, baƙi kuma ba a ganin idonsa da dare.

Kafin ki fara, ki saƙa ɗan gwaji kamar santimita 15 da kibiya 4, wani da 4.5, ki wanke su ki kafe su. Hannu ya bambanta. Mai matse zare tana bukatar kibiya mafi kauri. Wanda hudarsa ta fito sarai, saƙar da ke tsakani kuma ba ta zama ragar kamun kifi ba, shi ne naki.

Batun yawa, mita 400 na ba da ƙaramin mayafi na kafaɗa. Wanda zai rufe Hajiya har gwiwar hannu, ki tanadi 800 zuwa sama, ki saye su lokaci guda don kada rini ya bambanta. Kusurwa uku tana da yaudara: sa'ad da rabin zarenki ya ƙare, kin ci kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon da zai iya kai ki. Na taɓa raina wannan lissafi, zare ya yanke mini saura layi uku, mai shagon kuma ya ce launin ya ƙare. Tun daga ranar nake ɗora dunƙulen a kan ƙaramin sikelin kicin kafin layi da bayansa, in san giram nawa kowane layi ke ci. Ki bar na aƙalla layi huɗu don rufe baki, ki kuma rufe da kibiyar da ta fi wadda kika yi aiki da ita kauri, in ba haka ba bakin zai ɗaure ya hana mayafin buɗewa.