Murfin arowana da bashin jikka 180

Kai yaro, maimaita in ji. Wai tun da zafin Afrilu ya kama, ko ka ɗage murfin akwatin kifin arowana don ya sha iska? Ajiye bokitin nan ka zauna. Da wani ne ya yi mini wannan tambaya da tuni na nuna masa ƙofa, amma kai mahaifinka ne ya kawo ka da hannunsa.

Kifin nan daga kogin Amazon yake, can Kudancin Amurka. Idan ruwa ya yi ambaliya ya shiga daji, sai ya riƙa shawagi daf da saman ruwa, ya hango ƙwaro a kan reshe, ya daka tsalle ya cafke. Har birin ruwa suke ce masa. Dubi bakinsa, sama yake kallo. Shi za ka buɗe wa murfi?

Bari ka ji abin da murfi ya ja mini. Na sayo wani arowana a Kano bai wuce tsawon tafin hannuna ba, na rungumo ledarsa a cinya tun daga tasha har Damagaram. Shekara biyu ina rainonsa. A lokacin ruwa ya yi wuya a gari, mutane na kwana a bakin famfo, ni kuwa ina sayen bido wajen ƴan garuwa don kifi, uwargida tana harara ta. Da hunturu ina tashi cikin dare in duba ma'aunin zafi, don idan ruwansa ya sauka ƙasa da digiri 24 sai ya daina cin abinci. Ya kai santimita 60, fari fat kamar sabuwar azurfa, ƴan gemunsa biyu a miƙe, idonsa ko ɗaya bai zube ba, wato bai karkata yana kallon ƙasa ba.

Sai ga wani Alhaji ɗan kasuwa, ya ce lallai shi yake so a falonsa. Muka yi ciniki jikka 300 har da akwati da injin iska da matatar ruwa. Ya ba da 120, sauran wai bayan salla. Da kaina na je na kafa, na ɗora murfin ƙarfe, na ce Alhaji, ko gobara ake yi kada a ɗage wannan. Ya ce ya ji.

Kwana 19 sai ga direbansa da buhu. Wai Alhaji ya ce na sayar masa da kifi mai ciwo, da safe aka tarar da shi ya mutu cikin ruwa, don haka ba ya biyan saura, ni ma in gode Allah bai nemi kuɗinsa ba. Na kwance buhun a nan inda kake zaune. Gefe ɗaya na jikinsa ya bushe ƙayau, da zaren kafet ja maƙale a ɓawonsa, gemu ɗaya ya karye. Na ce wa direban, cikin ruwan gidanku kafet ake shimfiɗawa? Ya sunkuyar da kai. Daga baya mai gadin gidan ya ba ni labari: suna aka yi, baƙi suka cika falo, aka ɗage murfi don a ga yadda yake tsalle ya kama fara a hannu, aka manta ba a mayar ba. Cikin dare aka kawo kuran, fitilu suka kama gaba ɗaya, kifi ya firgita ya faɗo. Ya kwana a ƙasa.

Sau uku ina zuwa gidan ana ce mini ya yi tafiya. Wasu suka ce in kai ƙara, na ce da wace takarda? A baki muka yi ciniki, irin na mutunci. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya miƙo hannu yana murmushi. Jikka 180 tana nan a littafina, ban soke ba.

To zafi fa? Gaskiyarka ɗaya, ruwan da ya wuce digiri 30 iskar cikinsa tana raguwa, za ka ga kifi yana haki. Maganinsa murfin raga mai nauyi, ka saita fanka tana busa saman ruwa, ka ƙara injin iska, ka rage masa abinci. In rana ta yi tsanani ka jefa gorar ƙanƙara a rufe, guda ɗaya, don sanyi farat ɗaya shi ma duka ne. Kuma ka toshe ramin da tiyo yake shiga. Ɗan wurin da kake rainawa ta nan yake fita.

Zancen barin ruwan famfo ya kwana da wanke matatar ruwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan goro. Abin da ku yaran yanzu ba ku da shi haƙuri ne. Ku kalli bidiyo biyu a waya ku ce kun zama malamai, ku cusa kifin da zai kusa mita ɗaya cikin akwatin lita 200, ku yi ta ɗura masa abinci mai kitse da ƙananan kifin tabki masu ɗauke da cuta, in ido ya zube ƙasa ku ce maita ce. Fara kuma, ba soyayya mai gishiri da yaji ta kasuwar Dole ba, ba kuma ta gonar da aka yi wa feshi ba. Ka cire mata ƙafafun baya masu ƙaya kafin ka jefa.

Tashi ka ɗauko mita ka auna bakin akwatin can, ka kai wa mai walda. Ka ce masa raga mai ƙananan ido, da makulli gefe biyu, kuma na ce ba bashi.