Tambaya da Amsa: Haidirojin daga ruwa

Tambaya: Salam Malam, ni dalibi ne daga Tudun Wada Gombe, wai meye aikin su seriyam da lantanam wajen cire haidirojin daga ruwa?

Amsa: Wa'alaikassalam kanena. Seriyam da lantanam karafa ne daga dangin da ake kira "rare earths" a Turance, su 17 ne. In ka sa lantarki a ruwa yana rabuwa gida biyu, haidirojin da oksijin, amma aikin na da nawa sai da sinadarin da zai hanzarta shi, to gwanayen aikin filatinam da iridiyam ne kuma tsadarsu ba'a magana. Shi yasa masu bincike ke gauraya seriyam kadan cikin nikel mai araha, sai kaga kumfar iskar da ta rabu na tashi jikin karfen da aka tsoma a ruwan, kuma wutar da yake ci bata kai ta nikel zalla ba. Abinda ke damuna wallahi, yashin monazait mai dauke da seriyam da lantanam yana nan cikin tarkacen kuza a Jos, amma yawancin tacewar a China ake yi.