Tunda Yara Sun Iya Waya, Laburaren Makaranta Ya Gama Aiki Ke Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar JHS (ƙaramar sakandare) a Aboabo, Kumasi, kuma shekara huɗu ke nan makullin laburare yana hannuna. Yanzu ana maganar mayar da ɗakin ya zama aji, wai yara sun fi mu sanin waya, duk abin da suke nema Meta AI, manhajar nan mai amsa tambayoyi a WhatsApp, zai ba su. Aikin gida kuwa, ɗalibi goma amsa iri ɗaya. Abin nan yana hana ni barci. Aikina ya ƙare ne? In bai ƙare ba, me zan koya musu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, aikinki bai ƙare ba, nauyi ma ya ƙaru. Zancen ɗaki ki tsaya a kansa a taron malamai da iyaye, in ma an matsa ki roƙi a bar miki lungu da kabad da awa ɗaya a jadawalin mako. Wannan awar ta fi ɗakin muhimmanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan magana ta "yara sun fi mu sanin waya". Kullum sai na ji ta, daga hedimasta, daga iyaye, har daga masu ilimin da bai kamata su faɗe ta ba, kuma na gaji da ita. Yaro ya iya latsa waya, gaskiya ne. Ya iya tura hoto, ya iya sayen data da MoMo (kuɗin waya) cikin ƙiftawar ido. To sanin wanda ya rubuta abin da yake karantawa fa? A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada ɗalibai sa'o'in naki, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ɗauki tallar da aka biya kuɗi aka saka a matsayin labari na gaskiya. Yaran da suka tashi da kwamfuta a ɗaki ke nan. Ina ga namu da ke aron wayar uwa bayan sallar isha?

Shi kuma Meta AI, da ya shigo WhatsApp a Ghana a 2024, da ɗan'uwansa ChatGPT, ba malamai ba ne. Aikinsu hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, bisa tulin rubutun da aka ɗura musu. Sau da yawa hasashen yana faɗawa daidai. Ranar da ya kuskure kuwa, da murya ɗaya zai faɗa, babu inda-inda. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba a taɓa yi ba. Lauyoyi fa, Malama!

Ni da kaina wani ɗalibi ya kawo mini "hadisi" da ya samo ta wannan hanya, da lambarsa da sunan littafinsa. Muka ɗauko littafin, muka buɗe lambar, maganar da ke wurin daban ce. Yaron nan ya riga ya tura shi guruf uku. Gobe ba hadisi zai tambaya ba, yawan maganin da za a ba ƙaninsa mai zazzaɓi zai tambaya. Ga masu sayar da "apor" (tambayoyin jarrabawa da suke cewa an sato) da ke fitowa duk lokacin BECE, jarrabawar kammala JHS, su karɓi kuɗin yaro ta MoMo su tura masa tambayoyin bogi, ko su rufe layi. Duk wanda ya ce a kyale yara su koya da kansu, hannun waɗannan mutane yake miƙa su. Da muna cewa gani ya kori ji. Yau hoto da murya duk ana ƙera su, ganin ma sai an bincika. Kuma bana ko baɗi ɗalibanki za su shiga SHS (babbar sakandare), inda gwamnati ta fara rabon tabulet tun 2024. Na'ura za ta iske su, sun shirya ko ba su shirya ba.

Abin da za ki koyar ba baƙo ba ne a Zango. Yaranki suna zuwa makarantar allo da Islamiyya, sun ji isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne? Sun ji aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Daga nan za ki fara, ba sai kin jira takarda daga ofis ko wata bita a otal ba.

Tunda ba a barin ɗalibai su zo da waya, taki ta isa. Ki ɗauko saƙo ɗaya da ke yawo a WhatsApp a makon, ki rubuta shi a allo. Kada su tsaya kallon kyan saƙon ko tambarin da ke jikinsa, a fita daga cikinsa a nemi abin da wasu suka ce game da mai shi. Ki nuna musu shafukan tantance labarai, GhanaFact da Dubawa (sunan ma Hausa ne, za su riƙe shi). Hoto kuma ki sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, su ga wuraren da ya taɓa fitowa. Wani makon ki yi wa Meta AI tambaya kan darasin da suka riga suka yi, su ɗauko littafin aji su yi masa maki da jan biro. Wannan darasin yara ba sa manta shi.

Aikin gida mai amsa iri ɗaya, ki canza tambayar. Ki ce su je wurin kakarsu ko wata 'yar kasuwa a Asawase ko Kejetia su tambayo, su rubuto wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Littattafai kuma, manhajar Ghana Library Authority kyauta ce, ki sauke ta ki nuna wa iyaye. In an damfari yaro ko ana masa barazana ta intanet, lambar Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ita ce 292, kira ko tes. Ki rubuta ta da manyan baƙi ki manna a ƙofar laburare.