Amsa: AGACNP ko FNP ga mai son aikin ICU a Amurka

'Yar'uwa, kin tambaya ko kwas ɗin FNP (karatun ƙwarewa na nas kan lafiyar iyali) zai kai ki aikin ICU, wato sashen kulawa ta musamman ga masu ciwo mai tsanani, a Amurka. A'a, kwas ɗin AGACNP za ki nema. Shi ke horar da nas kan jinyar manya da tsofaffi masu ciwo mai tsanani, in kin gama ki zauna jarrabawar ANCC ko AACN, hukumomin da ke ba nas takardar shaidar ƙwarewa. FNP ya fi karkata ga asibitin sha-ka-tafi, har da yara.

Sai dai kada ki yi gaggawa. Makarantu da yawa suna son ki yi shekara 1 ko 2 a ICU tukuna, kuma suna da gaskiya. Ni sai da na kwana kan wani dattijo da ke kan na'urar numfashi, jininsa na sauka da tsakar dare, sannan karatun ya zauna mini.