Tunda na fara shan maganin suga na fi jin jiki, in aje shi ne?

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah shi saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar firamare ce nan Argungu, shekaruna 44 da ɗiya shida. Kwanan baya ne anka gano ina da ciwon suga, dama na daɗe ina fama da ƙishirwa da fitsarin dare ga rama, ni duk na ɗauka zahi ne da wahalar aiki, sai da anka gwada jinina da safe ban ci komai ba ya nuna 290. Likita ya rubuta min metformin da glibenclamide ya ce in bar zaƙi in dawo bayan wata ɗaya, ga layi cike bayana ban samu na tambaye shi komai ba.

To Anti tunda na fara maganin ga ban ƙara jin daɗin jikina ba wallahi. Wajen sha ɗayan safe ina cikin aji sai jiri ya ɗebe ni, hannuwana su kama rawa, zufa ta karyo min, gabana na dukan uku-uku ga wata irin yunwa, in yi ta yi ma yara faɗa ba laifin komai. Idanuna kuma sun yi dishi-dishi ko Alƙur'ani ba ni gani sosai, ga murɗar ciki da gudawa. Rannan ina cikin rawar nan na lallaɓa kemis anka gwada min ya nuna 118, mai kemis ya ce ai lafiyarki lau Malama, to wace lafiya ni da nika jin zan faɗi? Wata rana kuma anka gwada ya nuna 61.

Abinci kuwa na bar tuwon shinkafa da fura kwata-kwata, uwar mijina ta ce wake da acca kaɗai mai suga ka ci, da safe ruwan shuwaka nika sha in haɗiye ƙwayoyin in tahi makaranta don tsoro nika ji kar ya hau, gwaggona wanga ciwo ne ya sa anka yanke mata ƙafa kuma kullum abin yana raina. Maigida na cewa ai kin fi lafiya kafin ki san kina da shi, ki aje maganin asibiti ki koma na gargajiya. Ga bashin azumi ina son in rama. Mi zan yi Anti?

Daga ƙanwarki a Argungu

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kin ji, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Kar ki aje magani da kanki, amma kuma kar ki zauna jiran wata ya cika, ki koma asibiti cikin satin nan, 61 ɗin nan ita ta tayar min da hankali.

Abu biyu ne ke damunki masu kama da juna shi ya sa kika rikice. Ranar da ya nuna 118 suganki bai faɗi ba, mai kemis bai yi ƙarya ba kuma ke ma ba raki kike ba. Jikinki ya daɗe yana zaune da suga mai yawa har ya saba, da magani ya sauko da shi sai jikin ya ɗauka yunwa ce ta zo ya hau rawa da zufa, kamar wanda ya wuni cikin ranar watan Afrilu ya shiga ɗaki mai ɗan sanyi ya kama rawar ɗari. Wannan yana wucewa da kansa cikin 'yan makonni in sugan ya daidaita.

61 kuwa faɗuwa ce ta gaske, duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwa ne kuma yana iya kai mutum ga suma. Dalilin yana cikin wasiƙarki. Glibenclamide matsa wa jiki yake ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ko kin ci abinci ko ba ki ci ba, ke kuma kina haɗiye shi a kan ruwan shuwaka ki tafi ki tsaya gaban allo har hantsi, to me insulin ɗin zai samu ya yi aiki a kai in ba ɗan sugan da ya rage a jininki ba? Daga gobe kar ki sake shan shi ba ki karya ba, shuwakar kuma a bar ta a miya.

In abin ya taso ki gwada in da hali. In ƙasa da 70 ne, ko babu abin gwaji kusa, ki jiƙa ƙaramin cokali uku na sukari ki sha, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki ƙara, in ya hau ki bi shi da abinci na sosai don ƙwayar glibenclamide tana daɗewa a jiki, sugan kan sake faɗuwa. Na san an ce ki bar zaƙi, amma a wannan lokacin sukarin shi ne magani, ki riƙa yawo da shi a jaka. Ki faɗa wa maigida da manyan ɗiyanki da malamar da ke kusa da ajinki cewa in kin suma kar a ɗura miki komai a baki, a kwantar da ke ta gefe a yi asibiti da ke.

Ki nemi na'urar gwaji taki ta gida ko da adashe ne. Ki riƙa rubuta lambar da lokacin da abin da kika ci, wannan takardar ce likita zai duba ya rage ƙwayar ko ya canza ta. Abin da akan nema ga yawancin masu suga shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan ci. In na'urar irin mai nuna ƙananan lambobi kamar 6 ko 7 ce, ki ninka abin da ta nuna da 18 ki samu irin waɗannan lambobin. In kuma ya haura 300 ga amai ko numfashi sama-sama, ranar za a je asibiti ba gobe ba.

Murɗar ciki da gudawa aikin metformin ne, ki sha shi tsakiyar cin abinci, yakan lafa, in ya ƙi akwai irin mai narkewa a hankali ki tambaya. Ido ma kar ki yi gaggawar yanko gilashi, sauyin suga na taɓa ruwan cikin ido sai gani ya dushe na wasu makonni kafin ya dawo, amma duk da haka ki je likitan ido ya leƙa can ciki, ana so a yi wa duk wanda aka gano wa irin naki tun farko.

Maganar abinci, Inna alheri take nufi, sai dai acca ma hatsi ce tana ɗaga suga in an cika kwano. Ba a hana ki tuwo ba ƙanwata, yawan ne ake ragewa, malmala kamar dunƙulen hannunki, miyar ganye ta fi tuwon yawa, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, ga kifi Allah ya hore muku a Argungu. Da safe alale ko ƙwai da ɗan kunu ba sukari. Fura kaɗan da nono ba zaƙi, ki gwada bayan awa biyu ki ga yadda jikinki ya karɓe ta. Ki ci sau uku a kan lokaci, yunwar da kike wa kanki ba ita za ta kare ki daga abin da ya samu Gwaggo ba, abin da ke karewa shi ne suga ya daidaita, ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu kullum, ki bar tafiya ba takalmi, ƙaramin rauni ma a nuna shi asibiti.

Ramuwar azumi ki dakata tukuna, mai suga na faɗuwa haka bai kamata ya ɗauki azumi ba sai likita ya daidaita magani, kuma addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, ki tambayi malaminku.

Shi kuma maigida tausayinki ne ya sa shi faɗin haka, yana ganin kina wahala. Amma 290 ba lafiya ba ce, a ɓoye take cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa mutum na yawonsa. Ki lallaɓa shi ku je asibitin tare ya ji da kunnensa, ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, kuma ko layi ya kai ina kar ki tashi daga kujerar nan sai kin faɗa wa likita maganar 61 da ruwan shuwaka.